Sheƙa a Gurbin Furen Bado

Rufin haikalin da attajiri Seth Asdhar ya sa a gina saura dutse ɗaya: babban furen bado na farin dutse, wanda za a zuro ta sama ya rataya a tsakiya ya kulle sauran. Sai kurciya ta yi sheƙa a bakin gurbin, har ta ƙyanƙyashe.

Ranmal, shugaban magina, ya dubi hadari. Tudun ƙasar da suka tara don jan dutsen sama yana jingine da bango. In ya sha ruwa zai ture bangon, kuma ginin ba a liƙa shi da komai ba, nauyi ne ke riƙe nauyi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in ture sheƙar nan."

Seth mabiyin addinin Jain ne, wanda ya hana kashe duk wani mai rai; ko ruwa sai ya tace yake sha, don kada ya haɗiye ƙwaro. Ya ce, "In gina ɗakin masu hana kisa a kan gawa? Jira su tashi."

"Gaya wa hadarin ya jira! Ko kurciyar ce za ta sake sassaƙa maka ginshiƙan?"

"Kai dai bakinka ya fi gudumarka aiki."

Dukansu suna da gaskiya, kuma taurin kai bai taɓa tsayar da ruwan sama ba. Daga ƙarshe Seth ya yarda a mayar da sheƙar cikin kwando a ƙarƙashin baranda, da sharaɗi: in uwar ta ƙi 'ya'yanta suka mutu, ba za a shigar da gunki ba, ba za a kunna fitila ba. Ginin ya zama kango.

Ranmal ya ɗauko sheƙar, ya sa ta a kwandon. Aka ja dutsen, aka zura, furen ya zauna daram. Babu wanda ya yi shewa. Aka shiga kwashe tudun da gaggawa, kowa na satar kallon kwandon.

Kurciyar ta yi ta kewaya rufin tana neman ramin da babu shi. Yayyafi ya soma. 'Ya'yan suka yi kuka har muryarsu ta dushe.

Ranmal ya ce a hankali, "Haba baiwar Allah, ga su can. Makauniya ce ke?"

Seth ya ce, "Yi shiru, kana korar ta."

Ta sauka a gefen baranda, ta karkata kai. Ta daɗe a haka. Sannan ta faɗa kwandon.

Ranmal ya zauna daɓas cikin taɓo.