Saƙon Baba Karimu daga Dapaong

Inusa direba bai ko kashe kamiyonsa, babbar motar kaya, ba ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan maƙwabcinsa Baba Karimu, a Komah. A aljihunsa akwai saƙon da ya ɗauko wa tsohon tun daga Dapaong, ƙwayar tramol naɗe a takardar jarida.

"Wa ya rasu?"

"Baba ne," in ji Awudu mahauci, idonsa jajir. "Ya kwanta bayan azahar, bai tashi ba."

Bara ɗan Baba ya kai shi ƙasar waje, aka dasa masa wata 'yar na'ura a gadon baya mai kashe ciwo da lantarki. Likita ya ja kunne cewa a rage ƙwaya, don na'urar ba ta cika yi wa mai yawan sha aiki ba. Ko farmasi 'yarsa Nabila ba ta bari ya leƙa.

To amma Baba gwanin roƙo ne, ga barkwanci. "Ɗana, wannan batir ɗin rago ne," yakan ce. "Ka taimaki tsoho da ƙwaya, daga ni sai kai." Wa zai ga dattijo yana rarrafe zuwa buta ya ce masa a'a? Inusa dai bai iya ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Nabila ta roƙi maƙwabta su kama mata katifar Baba a fitar. Suna ɗagawa sai ga tarin fankon ƙwaya, kowanne da irin naɗinsa. Inusa ya gane jaridarsa. Ya ga takardar tsire mai maiƙo irin ta Awudu, ya ga baƙar leda irin ta Amariya mai koko.

"Innalillahi!" Amariya ta dafe ƙirji. "Ya ce ni kaɗai ke ba shi!"

Awudu ya saki gefen katifar, ya durƙushe. Kunya da firgici suka rufe Inusa.

Nabila ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kawu Inusa," ta ce a hankali, "kai ma?"

A kan taga, ɗan abin latsawar na'urar yana ta ƙifta koriyar wutarsa, saƙon kuwa yana nan a aljihun Inusa, ba a kwance shi ba.