Matar da ke Riƙe da Keke

Tun kafin a haifi Auta babanta ke cikin kwamitin amintattun laburaren garin. Shi ya bi gida-gida yana roƙon kujeru, shi ya hana a mai da ɗakin karatu wurin ajiye siminti. Amma da hotuna aka fi saninsa. Duk gidan da tsoho ya rasu, Baba zai je gaisuwa ya dawo da tsohon hoto a aljihu. Bai taɓa rubuta komai a bayansu ba. In an yi masa magana sai ya nuna kansa, ya nuna Auta, ya ce, "Ga na ainihi, ga kwafi."

Ita yake ba labaran, tana yanke masa farce ko tana goge masa tabarau. Ita kuwa sai "to Baba", "ikon Allah", ido na kan waya.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa magana, kwamiti ya ce a rataye hotunan a ɗakin karatu, a karrama shi tun yana gani. Abin da ya rage kawai a rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne.

Ranar da kwamiti ya zauna a laburare, yayanta ne ya turo Baba a keken marasa lafiya. "Yau dai kwafi zai yi aiki," in ji shi. "Allah ya sa tawada ba ta dushe ba."

Aka yi dariya, ban da Auta.

An baje hotunan a kan dogon tebur, fanka na ɗaga gefensu. Sakatariyar kwamiti ta zauna da biro da ƴan katuna. Na farko tsohuwar gada ce, na biyu tasha, waɗannan ko makaho ya sani. Sai shugaban kwamiti ya ɗago na uku: wata siririyar mata riƙe da keke, a gaban ginin da ba a sa wa ƙofa ba.

"To ƴata, wace ce wannan?"

Auta ta san hoton. Ta tuna ranar da Baba ya ba ta labarinsa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta miƙa masa ruwa. Tarin ta tuna. Labarin babu ko kalma.

Kowa ita yake kallo.

"Ungozoma ce," ta ji bakinta ya faɗa. "Ta farko a asibitinmu. Da keken take zuwa karɓar haihuwa."

"Allah sarki," in ji Sakatariya, har ta fara rubutu.

Shugaba ya juya wajen Baba. "Haka ne, Malam?"

Baba fa shi ne mutumin da ya taɓa sa aka sauke allon laburare aka sake fenti saboda an yi kuskuren shekara. Baba ya dubi hoton, ya dubi Auta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya gyaɗa kai.

Da ma marinta ya yi.

A gida ta ba shi abinci, ta goge masa baki, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Yayanta na ta yabonta a waya, wai ashe shiru-shirun nan kai ne cike da ilimi. Ta shige kicin ta tsaya a gaban famfo, ba abin da take wankewa.

Washegari tana bakin laburare kafin a buɗe. An riga an rataye hoton, katin na manne a ƙasa da rubutu mai kyau. Ta ɓamɓare shi da farce.

"Lafiya?" in ji Sakatariya daga bayanta.

"Anti, aron hoton nan nake so."

"Na ungozomar?"

"Ban san ko wace ce ba. Faɗa kawai na yi."

Sakatariya ta sauke hoton, ta naɗe shi a jarida ta miƙa mata.

A bayan kasuwa akwai wani tsohon tela da Baba ya saba yini a shagonsa. Auta ta wuce ƙofar, ta dawo, ta sake wucewa, kafin ta iya yin sallama. Tsohon ya kai hoton kusa da hancinsa, ya fara murmushi.

"Kaka, ka san ta?"

"A tsaye za ki ji? Ubanki ma zama yake yi."

Ta ja benci ta zauna. Ta ciro wayarta ta kashe.