Saniya a Madubin Bindiga

Jini na sauka daga girar Trev yana ɗiga a gindin bindigar, shi kuwa sai dariya yake yi.

"Na ce maka kada ka manna idonka da madubin bindigar," in ji Merv Haddrick, yana miƙa masa tsumma. "Ba budurwarka ba ce, ka ba shi tazara. Bindiga in ta tashi, baya take naushi."

"To ai na samu takardar saitin," in ji Trev.

"Ka samu takardar maƙwabcinka."

Sauran masu koyon suka bushe da dariya. Merv bai taya su ba. Ya jima yana faɗin wannan barkwanci har ya daina jin daɗinsa. Fiye da shekara ashirin ke nan yana koya wa sababbin hannu saiti da madubin hange a filin harbi da ke bayan garin Cunnamulla: rumfar kwano, teburan siminti, da tudun jar ƙasa can nesa inda harsasai ke nutsewa. A da, masu zuwa duk irin su Trev ne, ma'aikatan gari masu son farautar aladun daji ranar hutu. Tun da rashin ruwan sama ya shiga shekara ta uku, sai wasu irin mutane suka fara zuwa. Ba sa dariya, ba sa tambayar wace bindiga ce ta fi kyau.

A teburin ƙarshe wata mata ce zaune, Noeleen Brumpton, da tsohuwar bindigar mijinta Athol a gabanta. Ta kusa shekara sittin, rana ta ƙone mata wuya da hannuwa. Tana da lasisin bindiga kamar kowace matar makiyayi, amma rabonta da taɓa kunama tun tana amarya.

Merv ya jawo kujera kusa da ita, gwiwarsa na ƙara.

"Me kike gani?"

"Baƙi. Sai ɗan haske kamar ta ramin makulli."

"Ja kanki baya kaɗan. Kaɗan kuma. Yauwa. In baƙin zoben nan ya ɓace, hoton ya cika, to nan ne mazaunin kuncinki. Kullum nan."

Ya nuna mata layuka biyu da suka gitta juna a cikin madubin, ya ce inda suka haɗu can harsashi zai je, in dai ba ta hana shi ba. Ya gyara mata buhun yashi a ƙarƙashin bindigar. Ya ce ta saki numfashi rabi, ta tsaya, ta matsa kunamar a hankali kamar mai tatsar nono, kada ta fizge. Ta harba. Ƙura ta tashi can ƙasa da takardar. Ta sake, haka. Ta sake.

Ya karɓi bindigar ya juya mata baya, ya yi kamar yana ɗura harsashi, ya mayar mata. Ta saita, ta ja. Ƙas! Ba abin da ya fita, amma kafaɗarta ta zabura, idonta a rufe gam.

"Kin gani? Ba madubin ba ne. Kina rufe ido kafin ta tashi."

Noeleen ta ajiye bindigar. Ta daɗe tana kallon tudun.

"Shanu uku suka maƙale a taɓon tafkinmu na yamma," ta ce. "Ruwan ya janye tsakiya, suka bi shi. Ba mai iya shiga, taɓon ya kai ƙugu. Mun jefa igiya, ba ta kai ba. Hankaki sun fara sauka."

"Athol fa?"

"Ka san hannunsa ba ya tsayawa yanzu. Kofin shayi ma sai da hannu biyu. Jiya ya ce zai iya harbe su su huta. Ya samu ɗaya a muƙamuƙi, Merv. Tana nan da ranta. Shi kuma tun daga lokacin bai ce uffan ba." Ta juyo ta dube shi. "Ka zo ka yi mana mana. Abin minti biyar ne a wurinka."

Merv ya cire tabarau ya murza idonsa na dama, wanda wata farar yana ta rufe kamar hayaƙi. Yana jiran asibiti su kira shi a yi masa aikin idon, jiran ya ƙi ƙarewa. Da na hagu yake ganin takardun ɗalibansa.

"Da bara ne, da tuni muna hanya," ya ce. "Yanzu in na harba, abin da Athol ya yi zan ƙara. Kuma ko na iya yau, jibi wasu za su shiga. Ɗauki bindigar."

Suka ci gaba har rana ta take. Su Trev suka tattara suka nufi mashaya. Merv yana ɗura mata, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu, ba ta sani ba sai ta ja. Kafaɗarta ta yi tsami, gumi ya jiƙa mata riga. A hankali ramukan suka fara taruwa wuri guda, sai dai gefen hagu. Ya nuna mata ɗan murfin da ke jikin madubin, ya sa ta murɗa shi da kanta tana jin ƙas-ƙas ɗinsa, har ramukan suka dawo tsakiya, tafin hannu ɗaya zai rufe su.

"Ya isa haka?" ta tambaya.

"Ga takarda, ya isa."

Ya bi ta a baya da tasa a-kori-kurar. Hanyar doguwa ce, ƙasa tsirara hagu da dama, sai ƙasusuwan dabbar kangaru a gindin shingen waya. Sun tarar da Athol zaune a mota a bakin tafkin, ya buɗe ƙofa, yana kaɗa hula yana korar hankaki da ba su kula shi ba. Ya ɗaga wa Merv yatsa ɗaya, gaisuwar ke nan.

"Tsoho, ka ci wani abu kuwa?" in ji Noeleen.

Ya ci gaba da kaɗa hularsa.

Wari ya cika wurin. Shanun na can tsakiya, baƙin taɓo ya haɗiye su har kafaɗa. Biyu sun yi shiru. Ta ukun na jujjuya kai a hankali, ƙudaje sun rufe mata rabin fuska.

Noeleen ta kwanta rub-da-ciki a kan gaɓar, Merv ya tura mata buhun yashi. Ta sa kunci, ta nemi hoton. Sai ya ga bayanta ya sandare.

"Maisie ce," ta ce. "Ni na shayar da ita da kwalba. Merv, har gashin idonta nake gani."

Ya san haka za a yi. Madubi ba ya zaɓen abin da zai kawo kusa.

"Rage ƙarfinsa," ya ce. "Murɗa zoben baya, ta yi nisa kaɗan. Ya fi sauƙi."

"Zai fi dacewa da saitin?"

"A'a. A wannan tazarar duk ɗaya ne."

"To bar shi."

Ya gaya mata ta ja layi a zuciyarta daga gindin kowane ƙaho zuwa idon ɗaya gefen, ta ɗora mahaɗar madubin inda suka gamu, ta jira sai kan ya tsaya. Suka jira. Ƙuda ya sauka a kuncinta, ba ta kore shi ba. Merv ba saniyar yake kallo ba, idon Noeleen yake kallo.

Bindiga ta tashi. Hankaki suka watse sama. Kan saniyar ya sauka a kan taɓo, bai ƙara motsi ba.

"Kada ki tashi," in ji Merv. "Ɗura. Saniyar dama."

Ta yi ta biyu. Ta yi ta uku. Sannan ta zare makullin bindigar kamar yadda ya koya mata, ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

Athol ya sauko daga mota, ya tako a hankali ya tsaya a kanta. Ya daɗe yana duban tafkin. Ya cire hularsa ya kifa mata a kai, don tata ta faɗi tun tana kwance.

"Sauran garken na gangarowa da la'asar," ya ce, muryarsa a dushe. "Sai an ja waya a wannan gefen."

"Na sani," ta ce. "Bari in ɗan zauna."

Merv ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki buhun yashinsa. Ya kai rabin hanya zuwa mota, sai ya tsaya, ya komo, ya ajiye shi a bayan motarsu.