Ranar da Momi ta shiga teku

Idan ka ce kana sha'awar abu, wani ya tafi nemo maka ya mutu a can, kai ne ka kashe shi? Wata huɗu ke nan ina juya tambayar nan, ban sami inda zan ajiye ta ba.

Muna shirin walimar cikar jikata Momi shekara ɗaya ne na ce walimar da babu katantanwar opihi ba walima ba ce, zama ne kawai. Ƙananan katantanwar nan ba a samun su sai manne da duwatsun da igiyar ruwa ke duka. Ɗana Kamuela ya yi dariya, washegari ya ɗauki wuƙa da jaka. Ni na koya masa tun yana yaro kada ya ba teku baya. Wanda ya hango shi ya ce ya duƙa yana ɓamɓarar wani babba ne ruwan ya zo ya tafi da shi.

Aka fasa walimar. Bayan wata huɗu sai ga matarsa Pualani ta ce za a yi, a wurin shaƙatawar bakin teku inda muka yi wa Kamuela tasa walimar yana jariri.

Na je. Dangi sun cika rumfa, an jera tuwon gwaza da kifi naɗe a ganye. Yara suna ta lilo, wasu suna wasa a ɗan tafkin da aka zagaye da duwatsu don kada igiya ta shigo. A gidanmu, kaka namiji ne ke fara shigar da yaro teku. Da Pualani ta miƙo mini Momi, na maida hannuna baya.

"Nemi wani," na ce.

Na koma can ƙarshen benci. Ƙanwata Lehua ta zo da faranti ta dangwara a gabana.

"Yaya, ka zauna kamar wanda aka kawo kotu. Ci mana. Ko sai an tauna maka?"

"Ba na jin yunwa."

"Kai da ka cinye rabin walimar aurena? Matar ɗanka tun asuba take tsaye, ka ba ta kunya a gaban mutanenta."

Ta tafi tana mita.

Can Pualani ta zo ta zauna kusa da ni, Momi na jan sarƙar furen da ke wuyanta. Ba ta dube ni ba.

"Baba, ranar nan Kamuela ya ce zai jira ruwa ya ja baya da yamma. Ni na ce ya tafi da safe, don ya dawo ya taya ni ɗaukar kujeru." Ta gyara wa yarinyar hula. "Ban taɓa gaya wa kowa ba. To ni ma in daina taɓa ta?"

Na buɗe baki zan ce ba laifinta ba ne, sai na ga idan na faɗa, dole in faɗa wa kaina. Ban shirya ba. Ita ma ba ta jira amsa ba, ta ɗora mini yarinyar a cinya.

Ta fi yadda na zata nauyi. Na tuɓe takalmina, na naɗe ƙafar wando, na wuce ta gaban rumfar. Surutu ya ɗauke. Ruwan tafkin da ɗumi, bai kai mini gwiwa ba. Na fuskanci teku, na duƙa a hankali har ƙafafunta suka taɓa ruwan. Ta ɗauke su da sauri, ta dube ni, sannan ta sake sauke guda ɗaya.