Batirin Kaset ɗin Yaya

Ranar Laraba ina tsaka da liƙa lambobi a jikin kwalaben jini saƙon ya shigo wayata. Wani ɗan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin gem ne, wanda muke ce wa Injiniya duk da ko fulogi bai iya ɗaurawa ba. Wai ya kunna kaset ɗinsa na tun yarinta ya tarar da shi wayam, duk inda ya kai a wasan ya goge. Aka yi ta yi masa jaje kamar an yi rasuwa. Can sai wani ya yi bayani, ya ce a cikin irin waɗannan kaset akwai ɗan batir kamar na agogo, shi ke riƙe da duk abin da ka adana, ran da ya mutu komai ya bi shi. Shekara ashirin ake ba shi, in ya yi tsawon rai.

Wanda ke cikin durowata shekararsa ashirin da shida. Na lissafa sau biyu a bayan takardar gwajin wata baiwar Allah, sai da shugabar ɗakin gwajinmu ta tambaye ni ko lafiya, na ce ƙalau.

Kaset ɗin na Yayana ne. Ya rasu a hatsarin mota shekara ashirin da uku da suka wuce, ya bar matarsa da jaririya 'yar wata takwas, ƙarama ƙwarai, shi ya sa yake ce mata Ɗigo, sunan kuma ya bi ta har yau. Ya bar min na'urar gem ɗinsa da kaset guda da muke kira gem ɗin rijiya: mutum ne da fitila yake sauka cikin rijiya mai hawa tara. In ka kunna, kafin komai za ka ga jerin waɗanda suka adana wasansu. Layi uku ne, ɗaya kawai ke da rubutu. YAYA, awa sittin da ɗaya da minti bakwai. Sunan da nake kiransa ya rubuta, don ya ba ni haushi ne ko don me, oho. Yana bakin ƙofar hawa na tara, ya ce sai Asabar zai ƙarasa, bai ga Asabar ɗin ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A wasan akwai wata 'yar tsuntsuwa da ke bin mai fitilar, kai kake raɗa mata suna. Yaya ya sa mata Ɗigo. Sai an shiga cikin wasan nasa ake gani, ga ta nan tana tsalle a kafaɗarsa da sunan a samanta. Na daɗe ina cewa ran da yarinyar nan ta gama karatu zan zaunar da ita in nuna mata. Ga shi ta gama, shekara huɗu tana wajena, kuma ranar Lahadi za ta tafi garin da ta samu aiki. Ni kuwa yanzu ko taɓa durowar tsoro nake ji.

Ranar Alhamis da yamma na dawo na tarar ta miƙe a kujera tana kallon irin fim ɗin nan nata. Wani ƙato sanye da ɗan kamfai a kan wando, da mayafi a baya kamar mai shirin aski, ya ɗauki gini sukutum ya jefi ɗan'uwansa. Na ce mata to wa zai share gilasan nan? Gari guda an rushe, ba a nuna ko mai tsintsiya ɗaya. Ta ce Gwaggo don Allah kar ki fara. Ai kuwa na fara. Na ce wannan jarumin ba shi ne ya mutu bara ba, har kika jiƙa min matashin kujera da hawaye? Ga shi ya dawo da sabon aski. Mutuwar da ake warkewa ai mura ce. Na ce a gem ɗin zamaninmu rai uku ake ba ka, in ka ƙarar ka koma farko, ba mai busa maka sarewar tausayi. Na haɗa har da katun ɗin yanzu, da fuskokinsu ke sheƙi kamar sabon bokitin roba, ba kamar na da ba da kake ganin hannun mai zanen yana rawa a jikin layin.

A ƙungiya Anti Ba-Kyau suke ce min, don ban taɓa ba wani fim sama da biyar bisa goma ba, kuma ina nan a kan bakana. Amma ran nan ba fim ɗin ne ke cina ba. Na zauna, na tashi, na leƙa kicin ban san me na je ɗauka ba, na buɗe durowar na rufe. Ɗigo ta rage sauti ta tambaye ni me ya faru. Na faɗa mata zancen batir, na ɓoye zancen tsuntsuwa. Ta ce ita ba ta ma san babanta yana gem ba, mamanta ba ta cika maganarsa ba.

'Yan ƙungiya sun ce hanya ɗaya ce. A kwance marfin kaset ɗin, a cusa shi a na'ura, a kunna, a bar shi a kunne. Wutar na'urar ce za ta riƙe abin da ke ciki yayin da ake ciro tsohon batir ana liƙa sabo. Kada a kashe, kada a zare, ko da rufin ɗaki zai faɗo. Ni na iya allura na iya kwalba, shekara goma sha biyar ban taɓa haɗa jinin wani da na wani ba, amma ban iya narka dalma ba.

Ranar Juma'a na zagaya masu gyaran waya uku. Na farko ya ce in sauke wasan a waya mana, kyauta ne. Na biyu ya juya kaset ɗin ya tambaya ina ake sa masa caja. Na uku ya riƙe shi da hannun da ya gama cin abinci, na fizge abina ban ko yi sallama ba. A ƙarƙashin matakalar wani bene na samu Mai Agogo, dattijo da gilashi ɗaure a ido ɗaya, teburinsa bai fi faranti biyu ba. Na yi masa bayani sau biyu, bai katse ni ba. Ya ce shi bai san gem ba, amma ya san batir, kuma ya gane: mara lafiya ne za a yi wa aiki ba tare da an tsayar da numfashinsa ba. Ya ce zai zo gida gobe ƙarfe goma.

Ba abin da ban tanada ba. Na aro babban batirin maƙwabciyata da take kunna firji in an ɗauke wuta, na jona na'urar da talabijin a jikinsa. Na liƙe fulogin da filastar asibiti. Na kashe fanka kada iska ta kaɗa wayar wutar, na kashe wayata, na sa sakata. Na ja wa Ɗigo kunne, na ce ta zauna a can ƙarshen kujera, ko atishawa ta zo mata ta haɗiye. Ta ce to, ranki ya daɗe.

Mai Agogo ya zo goma saura, ya shimfiɗa ƙyallensa a kan tebur, ya jera 'yan ƙarafansa. Ya kwance marfin a hankali, ga batirin nan kamar maɓallin riga, ya yi dushi-dushi. Na karɓa na cusa a na'ura, na ce bismillah na danna. Ba komai sai layuka masu launi da ƙara kamar kukan sauro. Ban damu ba, halinsa ne tun da. Na kashe, na zare, na hura masa iska sau biyu, fu fu, na ɗan buga shi a gwiwata, na mayar. Haka Yaya ya koya min tun ina 'yar shekara goma sha biyu, kuma na sha faɗa a ƙungiya da masu cewa hurawar ba ta da amfani. Kiɗan ya tashi. Layin ya fito.

Ɗigo ta matso ba da izinina ba. Ta karanta a hankali, YAYA, ta tambaya ko shi da kansa ya rubuta. Na ce da yatsunsa. Ta ce mu shiga mana ta gani. Na ce a'a, sai an gama, akwai abin da zan nuna miki a ciki, ba na so ki gan shi hankalina a tashe.

Ƙarfen Mai Agogo ya yi zafi, ƙaurin dalma ya cika ɗakin. Ina tsugune kusa da na'urar, gumi na bin bayana, idona ɗaya a kan hannunsa ɗaya a kan talabijin. Ya narka gefe guda. Ya narka ɗayan. Ya ɗaga tsohon batirin da ɗan hantsaki ya ajiye a kan ƙyalle. Sunan Yaya na nan daram. Ya juya zai ɗauko sabon, hannun rigarsa ya ɗan gogi kaset ɗin, kaɗan ƙwarai, sai allon ya rikice, layuka masu launi, kukan sauro.

Wallahi ban yi tunani ba. Ban ma san na motsa ba. Abin da na sani kawai na ji fu fu daga bakina, na ji abu ya bugi gwiwata, na duba na ga kaset ɗin a hannuna, ba batir a jikinsa.

“Malama,” in ji Mai Agogo, da sabon batirin a bakin hantsakinsa. 

Na mayar da shi da sauri kamar saurin zai yi wani abu. Kiɗan ya tashi lafiya lau, hurawar ta yi aikinta. Layi uku, duka wayam. Na kashe na kunna. Na sake. Na sake, har sai da Ɗigo ta riƙe min hannu. Na so in ɗora wa dattijon nan laifi, na buɗe baki ma, amma me zan ce? Layukan ba komai ba ne, hoton ne kawai ya rikice, da na ƙirga goma da ya gama. Na tsare wuta, na tsare fanka, na tsare yarinya, ban tsare hannuna ba. Na ji kamar yau aka shigo aka ce mana Yaya ya rasu, kuma wannan karon ni ce direban.

Mai Agogo ya tambaya ko ya ƙarasa. Na gyaɗa kai. Ya liƙa sabon batirin tsaf, ya mayar da marfi, ya ce wannan zai kai wata shekara ashirin ɗin. Ya nannaɗe ƙyallensa ya ba ni haƙuri, shi da bai yi komai ba. Ɗigo ce ta raka shi ƙofa, ni na kasa tashi daga ƙasa.

Ina zaune ina kallon layukan nan uku, sai ga ni ina jira. Ni, Anti Ba-Kyau. Ina jiran wani haske ya sauko, ko kiɗa ya canza, sunan ya dawo da kansa kamar yadda ake yi a shirmen finafinan Ɗigo. Da ya dawo, na rantse da na ba su goma bisa goma har in mutu.

Ta dawo ta zauna kusa da ni a ƙasa. “Gwaggo, me kika so ki nuna min?”

Na faɗa mata. Tsuntsuwar, kafaɗar, sunan. Na ce shekara ashirin da uku kina kafaɗarsa a bakin hawa na tara, ni kuma na yi ta ajiye miki sai ranar da ta dace, ga abin da na yi. Na ce yanzu ba ni da shaida sai bakina. Kuka ya ƙwace min, irin mai majina, ba irin na fim ba.

Ba ta rarrashe ni ba. Ta daɗe tana kallon talabijin, idonta ya yi ja. Sannan ta tambaya ko wannan abin da na yi, hurawar da bugun gwiwar, babanta ma haka yake yi. Na ce sak, har yadda yake karkata kai. Ta kashe na'urar, ta zare kaset ɗin, ta hura sau biyu, ta buga a gwiwarta. Na ce da ƙarfi kika buga, shi a hankali yake yi. Ta sake, a hankali. Ta mayar ta kunna.

Ta ɗauki hannun gem ɗin, wato abin dannawar, ta riƙe shi a karkace irin na wanda bai saba ba. Wasan ya nemi suna, gurbi huɗu, ta rubuta BABA. Mai fitila ya sauka hawa na farko, ta faɗa rami sau biyu, na cije leɓe. A ƙarshen hawan tsuntsuwar ta sauko ta sauka a kafaɗarsa, allon ya tsaya yana jiran a raɗa mata suna.

Ɗigo ta miƙo min hannun gem ɗin. “Rubuta yadda ya rubuta.”

Ni da nake samun jijiyar jariri a huda ɗaya, sau uku ina kuskure harafin farko.