Muryar Oumar a Cikin Rijiya

Ɗakin da ba kowa a ciki magulmaci ne, abin da ka faɗa sai ya maimaita. Oumar magini bai san haka ba sai da abin ya kusa kashe masa uwa.

A unguwar Jadid yake aiki, can nesa da gida, cikin wani bene da ba a gama ba, a nan kuma yake kwana. Ba ƙofa, ba taga, sai siminti tsirara. Duk Juma'a yana aika wa Inna saƙon murya ta wayar ƙanwarsa Habibatou, can ƙauyensu a ƙasar Damagaram. Sai ga saƙon Habibatou tana kuka.

"Yaya, Inna ta bar cin abinci, yau kwana uku. Ta ce muryarka ta wanda aka kulle ce. Haka ta ɗan Lado na ƙauyenmu ta riƙa fitowa lokacin da aka tsare shi, kamar daga cikin rijiya."

Ya sake aikawa, ya rantse lafiyarsa lau. Bangon ma ya rantse tare da shi. Inna ta ce ai ko ɗan Lado haka aka sa shi ya rantse.

Da hantsi ya ajiye cokalin gini ya nufi wurin Karimoune, wani Bazabarme mai ɗaukar waƙoƙin biki a ɗakinsa. Ɗakin abin kallo ne. Tsofaffin katifu a jingine da bango, barguna rataye, kwalayen ƙwai manne a sama kamar saƙar zuma, kowace kusurwa da buhu cike da gashin tumaki.

"Murya mai kauri a kusurwa take ɓuya," in ji Karimoune. "Tafa hannu ka ji, magini."

Oumar ya tafa. Tafin ya faɗi nan take kamar an jefa dutse cikin yashi.

"Ku ne ke gina bango mai surutu, mu muna rufe masa baki. Zauna."

Ya zauna gaban makirfo ya gai da Inna, muryar ta fito tas. Bayan azahar amsa ta zo.

"Yaya, ta ce an fid da kai daga rijiya an sa ka a kabari. Wai ina duniyar da ba a jin ko kukan kaza?"

Karimoune ya riƙe baki. "Wata biyu ina tsintar kwalin ƙwai, tsohuwa ta kira mini shi kabari!"

Oumar bai yi dariya ba. Ya tuna yadda Inna ke gane mai shigowa gida tun daga zaure, da jan takalminsa kawai. Sai ya miƙe ya yaye bargon da ya toshe taga.

"Kai, za ka ɓata mini aiki!"

"Ɗora shayi, malam."

Titi ya shigo ɗakin: akuyar maƙwabci, mai tallan dabino, wata mota tana tari. Katifun suka hana su yin amsa-kuwwa, kowane sauti ya tsaya a wurinsa. Karimoune ya ɗaga buta sama yana tsiyaya, yana mita cewa sukari ya yi kaɗan. Oumar ya kurɓa, ya ƙone harshe, ya yi tsaki, sannan ya ba Inna labarin akuyar a gaban makirfo, aka aika mata da duk wannan hayaniya. Bai rantse ko sau ɗaya ba.

Har la'asar shiru. Yana kallon wayar kamar mai jiran ruwan fari. Da ta yi ƙara, muryar Inna ce da kanta, siririya.

"Oumarou, har yanzu kana zuƙar shayi kamar raƙumi a bakin kwatarniya? Wanda ke ɗaure ba ya shan shayi haka. Wane ne wannan mai rowar sukari?"

A bayanta ana jin ludayi yana kartar ƙwarya. Oumar ya sake kunnawa, ya manna wayar a kunne, ba don maganar ba, don ludayin.

"Fura take sha," ya ce, ya zame ya kwanta a kan darduma.

Karimoune ya ɗauki bargon zai mayar a taga, ya tsaya, ya ninke shi ya ajiye.