Tikiti Biyu Zuwa Sitges

"Karanta mini na ukun," in ji Khala Inno. "Wannan mai wuyar faɗi."

Na sake duba 'yar takardar da ta miƙo mini. Ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Sunaye huɗu ne a jiki, da biro: Cape Town, Mykonos, Sitges, Gran Canaria.

"Sitges," na ce. "A ƙasar Sifen yake."

"Aiwa, shi. Ki yanka mana tikiti biyu, ya binti. Ni da Aissa."

Aissa tana zaune a ƙasa tana matsa mata ƙafafu, waɗanda suka kumbura har ba a ganin idon sawu. Ba ta ɗago kai ba. "Kar ki biye mata, Amatullah. Wadda ko banɗaki sai an riƙe ta."

Shekara biyu ke nan da muka zo Jidda daga Kaduna, ni da mijina Muktar. Ina aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a Sharafiyya, muna zaune a wani bene a unguwar Bani Malik, hawa na biyu, ƙofarmu tana kallon tasu. Khala Inno haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Aissa 'yar Damagaram ce, ta zo umara shekara talatin da suka wuce ba ta koma ba, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, shi ya sa matattakalar gidanmu kullum cikin ƙamshi take. Duk unguwa 'yan uwa ake ce musu, ni ma haka na ɗauka.

Khala Inno ta ƙare ƙuruciyarta tana aiki a gidan wasu masu hali a arewacin gari. Duk lokacin zafi ita ke haɗa musu akwatunan hutu, ta raka su bakin mota, ta dawo ta rufe tagogi. Ita kanta ba ta taɓa shiga jirgi ba. Iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun da ta bar aiki, yanzu kuma zuciyarta ce ta gaji.

Washegari a ofis, da aiki ya lafa, na buga sunayen nan a kwamfuta. Da farko teku na gani, da fararen gidaje, da laimomi jere a kan rairayi. Sai na ga shafukan masu yawon buɗe ido duk abu ɗaya suke faɗa a kan wuraren huɗu: nan ne maza masu son maza da mata masu son mata suka fi zuwa hutu, don ba mai tsangwamarsu. Wata abokiyar aikina ta gifta, na yi maza na rufe shafin.

Na zauna ina kallon allon. Na tuna gadonsu ɗaya ne, filo biyu. Na tuna yadda Aissa ke hura shayi kafin ta miƙa mata. Kalmomin da na sani na wannan abu a Hausa duk masu nauyi ne, irin waɗanda ake faɗa a tofar da yawu. Na gwada ɗora ɗaya a kan Khala Inno, matar da ta kwana uku tana yi mini jinya lokacin da na yi ɓari, sai ta ƙi zama.

Kwana uku ban shiga wurinsu ba. Ina hawa bene a hankali, takalmi a hannu. A rana ta huɗu na tarar da Aissa zaune a kan matattakala, ledar magani a cinyarta.

"Kin duba," ta ce.

"Na duba."

Ta gyaɗa kai. "Bon, to. In za ki faɗa wa wani, ki bari sai ta tafi. Likita ya ce ba da nisa ba ne. Bayan nan ko me za a yi da ni, a yi."

"Ba wanda zan faɗa wa, Anti."

Ta daɗe tana kallona. "Tana tambayar ki. Na ce mata aiki ne ya yi miki yawa."

Bayan la'asar na shiga. An ɗage Khala Inno da filo, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a jikin taga, hasken rana yana ratsa labule ya kwanta a kan bargonta launin zuma.

"Nayef ne ya rubuta mini sunayen nan," ta ce, kafin ma in zauna. "Yaron gidan da na yi aiki. Ni na goya shi. Yanzu babban mutum ne, yana can waje, ba ya son dawowa. Da zai tafi ya zo nan sallama, ya zauna inda kike, ya sha shayi, yana ta kallonmu. Sai ya ce, Dada, akwai garuruwan da za ki riƙe hannun Khala Aissa a tsakiyar titi, ba wanda zai waiwayo. Wallahi ban taɓa gaya masa komai ba. Shi ma bai gaya mini nasa ba."

Ta huta, numfashinta yana fita da ɗan sauti.

"Ba wani abu nake nema ba, ya binti. Kujera biyu a bakin ruwa. In wani ya tambaye ni wace ce wannan, in faɗi gaskiya sau ɗaya."

"Khala, ba zan iya yanka tikitin ba. Babu takardu."

"Na sani mana." Ta yi murmushi. "Halas, shi ke nan. Ki kai mu da baki."

Haka muka fara tafiyar. Kullum in na taso daga aiki sai in zauna a gefen gadon da wayata, in buɗe hotuna, in faɗi abin da na gani, abin da ban gani ba in ƙirƙira. Ita kuma ta lumshe ido.

Ranar farko ba mu ma bar gida ba, a haɗa kaya muka tsaya.

"Balis ɗin ni zan haɗa," in ji Aissa daga bakin ƙofa, haka take kiran akwati.

"La, la. Ke cusawa kike yi. Takalma a ƙasa, a saka safa a cikinsu. Riguna a naɗe su, ba a ninkewa. Turare a tsakiya." Hannuwanta suna motsi a kan bargo, tana shafa tufafin da babu su.

Rana ta biyu na ba ta kujerar jikin taga. Jirgi ya ɗaga, Jidda ta koma 'yar ƙarama, ta ce ta hango rufin gidanmu da shanyar maƙwabta. Ta tambaya ko gajimare yana da ɗumi. Na ce ban sani ba. Ta ce yana da shi.

Muka sauka Barcelona, muka shiga jirgin ƙasa mai bin gefen teku. Na gaya mata yana shiga cikin dutse a yi duhu, ya fito sai ga ruwa shuɗi ya cika taga, ya sake shiga, ya sake fitowa. Duk lokacin da na ce ya fito sai ta ja numfashi, kamar da gaske hasken ya taɓa fuskarta.

A Sitges kuwa mun daɗe. Lunguna 'yan sirara, bango fari, furanni suna leƙowa daga barandar sama. Wani tsohon coci a kan tudu, teku yana dukan ƙasansa. Tsofaffi biyu maza suna tafiya a hankali, ɗaya ya riƙe wa ɗaya sanda.

"Ni fa ba zan cire mayafina ba," in ji Aissa. Zuwa lokacin ta daina tsayawa a ƙofa, ta dawo bakin gado.

"Wa ya ce ki cire? Amatullah, ina alƙibla a can?"

Na duba a waya na nuna mata. Ta ce a samo musu ɗaki mai wurin shimfiɗa sallaya biyu. Aissa ta ce ita naman garin ba za ta ci ba, sai muka tsaya a kan kifi. Har gardama suka yi a kan wa ya manta da yaji a gida.

In na koma ɗakina nakan daɗe a kan sallaya. Ban warware komai a raina ba. Abin da aka koya mini yana nan inda yake, su ma suna nan inda suke, ƙofa tana kallon ƙofa. Gobe kuma in sake ɗaukar waya in tsallaka.

A rana ta tara ba ta buɗe ido ba da na shigo. Leɓunanta sun bushe, Aissa tana ɗiga mata ruwa da auduga. Ban san ko in fara ba. Sai ita ta fara.

"Mun samu kujerun," ta ce, muryar can ƙasa. "Rairayin da sanyi. Aissa, cire takalminki."

"Na cire."

"Ga wata mata nan mai kawo shayi. Tana tambaya wai wace ce ke."

Aissa ta ajiye audugar. "Me kika ce mata?"

Khala Inno ta motsa baki. Aissa ta sunkuya ta kai kunnenta. Ni kuma na juya ina kallon labule. Ban ji abin da ta faɗa ba, na dai ji Aissa ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji daga gare ta ba, irin ta budurwa, sannan dariyar ta karye.

Washegari da hantsi ta cika, Aissa tana laƙƙana mata kalmar shahada.

Jabiru, ƙanin Khala Inno, ya zo daga unguwar Mahjar tare da matarsa, mai suna Bayan, da babbar 'yarsu. A shekara biyu sau ɗaya na taɓa ganinsa a gidan. Ya gaisa da kowa, ya wuce Aissa kamar ba ya ganinta. Shi ya yi ta faɗi-tashin takardu har kwana biyu, sannan aka kai Khala Inno ɗakin wankan gawa na mata da ke bayan wani masallaci.

Mai wankan, wata dattijuwa mai tabarau, ta leƙo ta ce mutum biyu kawai za su shiga su taimaka mata, mafi kusa da mamaciyar. Matar Jabiru ta miƙe, ta kamo hannun 'yarta. Aissa ta ja baya ta jingina da bango, ta sunkuyar da kai.

Ban shirya yin magana ba. Da guntun Larabcina na ce, "Wannan ce mafi kusa da ita."

Dattijuwar ta dubi Aissa ta saman tabarau. "'Yar uwarta ce?"

Matar Jabiru ta dube ni, ta dubi Aissa, na ga ta san abin da ta sani.

"Shekara talatin ita ke kula da ita," na ce. "Ita ta rufe mata ido."

Matar Jabiru ta saki hannun 'yarta, ta karɓi safar hannun da aka ba yarinyar, ta miƙa wa Aissa ba tare da ta kalle ta ba. "Yalla," ta ce. "Shiga."

Na zauna a benci ina jin zubar ruwa ta bayan ƙofa. An daɗe. Da aka gama, maza suka zo suka ɗauke ta, aka yi mata salla bayan azahar, aka saka ta a mota. Mata ba sa bi zuwa maƙabarta. Matar Jabiru da 'yarta suka shiga tasu motar suka tafi gidan makoki a Mahjar.

Muka rage mu biyu a ƙofar baya, a 'yar inuwar bango. Hannun abayar Aissa ya jiƙe har gwiwar hannu, tana ƙamshin kafur.

"Ni na yi mata kitson," ta ce. "Guda uku, yadda ake yi."

Ta dubi hannun rigarta. Wani dogon farin gashi ya manne a jikin baƙin yadin. Ta ciro shi a hankali da farce, ta fara naɗe shi a ɗan yatsanta, zagaye bayan zagaye, har ya ƙare.